Zaɓen fidda gwani a Amurka: yadda irin mutanen da suka fito ke yanke hukunci

Ranar 11 ga Fabrairun 2020, Joe Biden ya zo na biyar a zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Dimokurat a jihar New Hampshire, da ƙuri'un da ba su kai kashi 9 cikin ɗari ba. Mako guda kafin nan na huɗu ya zo a Iowa. Ko jiran sakamako bai tsaya yi ba, tun ana kan jefa ƙuri'a ya tattara ya nufi Carolina ta Kudu. Masu sharhi har sun fara yi wa takararsa jana'iza. Bayan kwana 18 ya lashe Carolina ta Kudu da kusan kashi 48, Bernie Sanders na biye da shi daga nesa da kashi 20. Da aka ƙara kwana uku, ranar da suke kira Babbar Talata, ya cinye jihohi 10 cikin 14 da suka yi zaɓe.

Cikin waɗannan kwanaki Biden bai sake manufa ba, bai samu wasu maƙudan kuɗi ba, bakinsa ma bai ƙara daɗi ba. Masu jefa ƙuri'ar ne suka sake. A Iowa da New Hampshire kusan mutum tara cikin goma na waɗanda suka fito fararen fata ne. A Carolina ta Kudu fiye da rabinsu baƙaƙen fata ne, kuma wajen mutum shida cikin goma a cikinsu shi suka zaɓa. Yawancin abin da 'yan jarida ke kira guguwar ɗan takara ta taso ko ta lafa, idan aka bi diddigi, jadawalin zaɓe ne ya tashi daga kan wasu irin mutane ya sauka kan wasu.

Sai an fahimci tsarin kafin wannan ya fito sarari. Mai karatu a Najeriya ya saba da fidda gwanin shugaban ƙasa da ake tara daliget a fili guda a Abuja, a kwana ana ƙirga, gari ya waye an san gwani. A Amurka ma kusan haka abin yake a da, manyan jam'iyya ne ke naɗa daliget. A 1968 Hubert Humphrey ya samu tutar Dimokurat ba tare da ya shiga zaɓen fidda gwani ko ɗaya ba, taron jam'iyyar a birnin Chicago ya ƙare da tarzoma, daga nan aka kafa kwamitin McGovern da Fraser wanda ya mayar da zaɓen daliget hannun talakawan jam'iyya tun daga 1972. Yanzu kowace jiha tana yin nata zaɓen a ranarta, tun daga Janairu ko Fabrairu har Yuni, kuma ƙuri'un jama'a ne ke nuna daliget nawa kowane ɗan takara zai samu. A 2020 ɗan Dimokurat na bukatar 1,991 cikin 3,979. A 2016 ɗan Rifabulikan na bukatar 1,237 cikin 2,472.

Don haka tambaya uku ce ke bin kowace jiha: su wane ne 'yan jam'iyyar a wurin, su wa doka ta buɗe wa ƙofa a cikinsu, sannan ta yaya ake juya ƙuri'arsu ta zama daliget.

Ƙofar shiga

Masu fitowa fidda gwani ba su da yawa. A 2016, shekarar da duka jam'iyyun biyu suka yi takara mai zafi, kimanin mutum miliyan 57 ne suka jefa ƙuri'a, ƙasa da kashi 30 na waɗanda suka cancanta, wato wajen rabin masu fitowa babban zaɓe. Waɗanda suka fito kuwa sun fi sauran jama'a shekaru, sun fi su karatu, sun fi su riƙe jam'iyya da gaske.

Nau'in zaɓen ma yana tace mutane. Akwai jihohin da sai mai rajista da jam'iyya ke zaɓe, akwai waɗanda kowa na iya shiga, akwai na tsakiya inda marasa jam'iyya ke zaɓar layin da za su bi a ranar. A New York, wanda ke son zaɓe a fidda gwanin Dimokurat na 19 ga Afrilun 2016 alhali rajistarsa ta marar jam'iyya ce, sai ya sauya ta tun watan Oktoban 2015, wata shida kafin zaɓe, lokacin da yawancin mutane ba su ma fara bin takarar ba. Sanders, wanda ƙarfinsa ke wurin matasa da marasa jam'iyya, ya tarar an rufe wa dubban magoya bayansa ƙofa. A New Hampshire kuwa kusan kashi 40 na masu rajista ba su bayyana jam'iyya ba, kuma suna da damar shiga kowane ɓangare. Su ne suka ba John McCain ratar kusan maki 18 a kan George W. Bush a shekarar 2000, su ne kuma suka ɗaga Nikki Haley zuwa kashi 43 a 2024, duk da cewa wajen kashi uku cikin huɗu na 'yan Rifabulikan masu rajista Donald Trump suka zaɓa.

Mafi tsananin tacewa shi ne kokas, wato taron unguwa. A tsohon tsarin Dimokurat na Iowa, sai mutum ya je da ƙafarsa ƙarfe bakwai na dare, tsakiyar hunturu, a ɗakin taron makaranta ko coci. Magoya bayan kowane ɗan takara su ja gefe guda a tsaya a ƙirga su, kusan irin ƙato-bayan-ƙato. Rukunin da bai kai kashi 15 na 'yan ɗakin ba a wargaza shi, mutanensa su koma wani rukuni ko su tafi gida. Abin kan ci awa biyu ko fiye. Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, da uwa da ba ta da mai riƙe mata yara, da tsohon da ba ya iya tuƙi cikin ƙanƙara, duk an bar su a baya. Wanda ya rage shi ne mai lokaci da mai zafin ra'ayi.

An taɓa samun gwaji mai kyau a kan wannan a 2016. Jihar Washinton ta yi kokas a watan Maris, Sanders ya samu wajen kashi 73. A watan Mayu jihar ta sake yin zaɓen akwati wanda ba a raba daliget da shi, mutane suka fito ninkin-ba-ninkin na farko, Hillary Clinton ta yi nasara. Haka aka yi a Nebraska: Sanders ya ci kokas, Clinton ta ci akwati. Jiha ɗaya, 'yan takara ɗaya, shekara ɗaya, sakamako biyu. Bayan wannan zaɓe jam'iyyar ta matsa wa jihohi su bar kokas, kuma yawancinsu sun bari kafin 2020, abin da ya rage wa Sanders wata babbar hanyar tara daliget tun kafin a fara.

Baƙaƙen fata na kudu

A ɓangaren Dimokurat babu rukunin da ya kai wannan nauyi, kuma dalilin yana cikin tarihi. Bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964 da dokar 'yancin zaɓe ta 1965, fararen fata na kudancin Amurka suka yi ta zarewa daga Dimokurat suna komawa Rifabulikan, shekara bayan shekara. Baƙaƙen fata suka zauna. Shi ya sa a Carolina ta Kudu, inda baƙaƙen fata suke wajen kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a, su ne fiye da rabin masu fidda gwanin Dimokurat. A Mississippi sun kai wajen kashi 70. A faɗin ƙasa su kimanin kashi 13 ne na jama'a, amma kusan rubu'in masu zaɓen fidda gwanin jam'iyyar. Duk mai son karanta sakamakon wata jiha, ƙidayar 'yan jam'iyya zai nema, ƙidayar jihar kaɗai za ta ɓatar da shi.

Yawancin jihohin nan ba sa zaɓar Dimokurat a babban zaɓen Nuwamba, amma hakan bai hana su daliget masu yawa ba. Tun 1988 aka ga tasirinsu. Manyan Dimokurat na kudu sun haɗa zaɓukan jihohinsu rana ɗaya da nufin su fitar da ɗan takara mai sassaucin ra'ayi, sai ga Jesse Jackson ya ɗauke Alabama da Georgia da Louisiana da Mississippi da Virginia.

Abin da ke sa ƙuri'ar nan yanke hukunci shi ne takan taru wuri ɗaya. Fararen fata 'yan Dimokurat sukan rabu tsakanin 'yan takara uku ko huɗu, baƙaƙen fata na kudu kuwa sukan zuba wa mutum guda. A 2008 Barack Obama ya samu kusan kashi 80 ɗinsu a Carolina ta Kudu. A 2016 Clinton ta samu kashi 86 a wannan jihar. Masu riƙe da ragamar wannan ƙuri'a yawanci dattawa ne, musamman mata, masu zuwa coci, waɗanda ra'ayinsu ya fi na fararen fata masu digiri sassauci, kuma babbar tambayarsu ita ce wa zai iya kayar da ɗan Rifabulikan. Sanayya ma tana aiki sosai. Biden ya yi shekara takwas yana mataimakin Obama, kuma kwana uku kafin zaɓen 2020 James Clyburn, ɗan majalisar da ya fi kowane baƙar fata faɗa a ji a jihar, ya fito ya ɗaga hannunsa. Pete Buttigieg, wanda ya yi kankankan da Sanders a Iowa ya kuma zo na biyu a New Hampshire, bai wuce kashi 8 ba a Carolina ta Kudu. Washegari ya janye.

Nan ne lissafin daliget ke shigowa, kuma nan ne masu bin kanun labarai ke ruɗewa. Dimokurat ba su yarda wanda ya zo na ɗaya ya kwashe duka ba. Ana raba daliget gwargwadon ƙuri'a, a matakin jiha da kuma a kowace mazaɓar ɗan majalisar wakilai, ga duk wanda ya kai kashi 15. Ke nan cin jiha da ƙyar ba ya kawo komai sai suna, rata ce ke kawo daliget. Ranar 8 ga Maris 2016 Sanders ya ba kowa mamaki ya ci Michigan, bayan ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna Clinton na gabansa da kusan maki 20. Labarin ya cika ko'ina. Amma ratar da ya samu a daliget huɗu ce kacal. A wannan daren Clinton ta ci Mississippi da fiye da kashi 80, ta tafi da ratar daliget sama da ashirin. Wanda aka yi ta taya murna shi ne ya kwana da asara.

Obama ya yi amfani da wannan lissafi ta wata fuskar a 2008. Ya haɗa baƙaƙen fata na kudu da matasa da fararen fata masu digiri, sannan ya tura ma'aikata ƙananan jihohin kokas da Clinton ta raina. A Idaho ya samu daliget 15 ta samu 3. A New Jersey, wadda ta ninka Idaho yawan jama'a sau da yawa, Clinton ta ci da 59 da 48. Ratarsa a ƙaramar jihar ta fi tata a babbar da ɗaya.

Idan aka sauko matakin mazaɓa abin ya fi haka ƙanƙanta. Mazaɓa mai daliget huɗu, idan 'yan takara biyu ne suka tsallake kashi 15, biyu-biyu za su raba sai dai idan ɗaya ya haura kashi 62.5, sannan ta zama uku da ɗaya. Mai daliget shida tana bukatar ɗan sama da kashi 58 kafin ta zama huɗu da biyu. Mai daliget biyar kuwa ko da ƙuri'a ɗaya aka fi, uku da biyu ce. Ofisoshin kamfe masu hankali da wannan jadawali suke raba kuɗin talla da masu ƙwanƙwasa ƙofa. Ga kuma wani abu: ba duk mazaɓu ke da daliget daidai ba, wadda ta fi ba jam'iyya ƙuri'a a zaɓukan baya ta fi samu. A Texas a 2008 mazaɓun Austin da Houston da Dallas, inda baƙaƙen fata da 'yan boko suka taru, suna da shida zuwa takwas, wasu mazaɓun kan iyakar Meziko masu rinjayen 'yan Latino, wato 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka, inda Clinton ke da ƙarfi, uku ko huɗu. Clinton ta ci ƙuri'ar akwati a jihar, amma da aka haɗa da kokas ɗin da aka yi a daren, Obama ya fita da daliget 99 ita 94.

Ƙa'idar kashi 15 kuma ita ke kashe 'yan takarar da goyon bayansu ya taƙaita ga jinsi ɗaya. A Carolina ta Kudu a 2020 Tom Steyer da Buttigieg da Elizabeth Warren da Amy Klobuchar sun tara kusan kashi 30 a tsakaninsu, babu wanda ya samu daliget ko ɗaya. Biden ya ɗauki 39, Sanders 15.

Matasa da 'yan Latino

Shekaru sun raba 'yan Dimokurat fiye da kusan komai a 2016 da 2020. A Iowa a 2016 Sanders ya samu kashi 84 na 'yan ƙasa da shekara 30, Clinton ta samu kashi 69 na 'yan 65 zuwa sama. A ido kamar Sanders ya fi cin riba, sai dai matasan ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda suka halarta ba, dattawan kuwa sun haura rubu'i. Wannan ita ce matsalar duk takarar da aka gina a kan matasa: suna cika filin gangami, ba sa cika layin zaɓe. Suna yawan sauya gida, rajistarsu takan tsufa, ɗalibai kan rasa inda ya kamata su yi zaɓe. Bayan Babbar Talatar 2020 Sanders da kansa ya amsa cewa matasan ba su fito yadda ya yi fata ba.

'Yan Latino kuwa kuskure ne a ɗauke su dunƙule guda. A 2008 kusan biyu cikin uku sun bi Clinton a kan Obama. A 2020 su ne ƙashin bayan nasarar Sanders a Nevada da Kalifoniya, inda yawancinsu 'yan asalin Meziko ne, matasa, ma'aikata. A Las Vegas shugabannin ƙungiyar ma'aikatan otal da gidajen abinci sun soki shirinsa na inshorar lafiya, amma ma'aikatan da kansu suka ba shi nasara a yawancin wuraren kokas da aka buɗe musu a cikin otal-otal. A Florida, inda 'yan asalin Kuba da Venezuela ke da yawa kuma kalmar gurguzu ke tayar musu da tsohon miki, maganar da ya yi ta yaba shirin yaƙi da jahilci na Fidel Castro ta zame masa alaƙaƙai. Ya sha kaye a jihar da ratar kusan maki 40.

Rifabulikan: coci da digiri

A wannan ɓangare launin fata ba ya raba komai, domin kusan tara cikin goma ko fiye na masu zaɓen fararen fata ne. Addini da karatu ne ke raba su.

A kokas ɗin Iowa fiye da rabin masu zuwa Kiristoci ne 'yan bishara masu tsananin riƙo. Su suka ba Mike Huckabee, tsohon fasto, nasara a 2008, suka ba Rick Santorum a 2012, suka ba Ted Cruz a 2016. Duka ukun babu wanda ya samu tuta. Kwanaki kaɗan bayan Iowa ake zuwa New Hampshire, ɗaya daga cikin jihohin da suka fi ƙarancin masu zuwa coci a ƙasar, ita kuma ta zaɓi McCain da Mitt Romney da Trump, dukkansu suka zama gwanaye. A 2012 kusan ana iya faɗin sakamakon jiha daga yawan 'yan bishararta: Romney, ɗan ɗariƙar Mormon daga Massachusetts, ya rasa Carolina ta Kudu da Georgia ga Newt Gingrich, ya rasa Tennessee da Alabama da Mississippi ga Santorum, ya yi ta cin jihohin da manyan garuruwa da masu kuɗi da masu digiri suka fi yawa.

Cruz ya ɗora dukan shirinsa na 2016 a kan wannan taswira, yana sa ran kwashe kudu ranar 1 ga Maris. Trump, wanda ya yi aure sau uku ya kuma taɓa mallakar gidajen caca, ya ɗauke Alabama da Georgia da Tennessee da Arkansas, ya bar masa Texas da Oklahoma. Abin da shirin Cruz bai hango ba shi ne, mutum ya kira kansa ɗan bishara daban, zuwa coci duk Lahadi daban. Cruz ya fi ƙarfi wurin masu zuwa kullum, Trump ya fi wurin waɗanda sunan kawai suka riƙe, kuma waɗannan suna da yawa, akasarinsu ba su da digiri. Inda al'ummar addini ke a haɗe da gaske Trump ya sha wuya. A Utah, cibiyar 'yan Mormon, na uku ya zo da kashi 14, Cruz ya samu 69.

Daga nan digiri ya zama babban layin da ke raba jam'iyyar. A Iowa a 2024 Trump ya ci gundumomi 98 cikin 99. Wadda ta kuɓuce masa ita ce Johnson, inda Jami'ar Iowa take, kuma da ƙuri'a ɗaya tak Haley ta ci ta. A duk takarar wuri biyu kawai Haley ta ci: birnin Washinton, matattarar ma'aikatan gwamnati da lauyoyi, da Vermont, inda kowa ke iya shiga zaɓen. Jiharta ta Carolina ta Kudu, wadda ta yi wa gwamna, ta juya mata baya da ratar maki 20.

Dokokin Rifabulikan sun fi na Dimokurat saka wa mai rukuni guda mai ƙarfi. Jihohi da dama suna ba wanda ya zo na ɗaya duka daliget, ko a jiha ko a kowace mazaɓa. A Carolina ta Kudu a 2016 Trump ya samu ƙasa da kashi 33, Marco Rubio da Cruz suka raba mafi yawan saura, shi kuma ya tafi da daliget 50 cikin 50. A Florida ya kwashe 99 da ƙasa da rabin ƙuri'u, Rubio ɗan jihar bai ci ko'ina ba sai gundumar Miami-Dade ta 'yan uwansa 'yan asalin Kuba. Da a ƙarƙashin dokar Dimokurat aka yi wannan takara, da kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'a bai ba Trump irin wannan rata da wuri ba. Akwai kuma wata 'yar ƙa'ida da ba a cika lura da ita ba: kowace mazaɓa daliget uku gare ta, ko 'yan Rifabulikan nawa ne a cikinta. Mazaɓa a unguwar Bronx ta New York, inda masu fitowa ba su wuce 'yan dubbai ba, nauyinta ɗaya da mazaɓar karkarar Texas da mutum sama da dubu ɗari suka fito.

Inda lissafin ke ɓaci

Kuskuren farko shi ne ɗaukar rukuni kamar gadon ɗan takara. A ƙarshen 2007 ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna Clinton na gaban Obama a wurin baƙaƙen fata. Sai da ya ci Iowa, jihar fararen fata, ranar 3 ga Janairun 2008, suka gamsu cewa zai iya kai labari, sannan suka juyo. West Virginia ta ba Clinton ratar maki 41 a kan Obama a 2008, ta kuma ba Sanders nasara a kanta a 2016. Mutanen Sanders suka fassara wannan da cewa talakawan fararen fata sun karɓi aƙidarsa. A 2020 da abokin karawar ya zama Biden, Sanders ya rasa duka gundumomi 83 na Michigan. Ashe da yawan ƙuri'un 2016 na ƙin Clinton ne. Rukuni yana zaɓe ne tsakanin waɗanda aka ajiye masa a gaba, idan aka sauya su amsarsa na iya sauyawa.

Na biyu, alƙaluman kansu. Duk waɗannan kaso-kaso na jinsi da shekaru suna fitowa ne daga tambayoyin da ake yi wa masu zaɓe a bakin rumfa, a rumfuna ƙalilan da aka zaɓo. Idan rukuni ƙarami ne, ko ya taru a unguwanni kaɗan, mutum ɗari biyu ko uku na iya wakiltarsa gaba ɗaya, kuskuren kuma ya yi faɗi. A Nevada a 2016 irin wannan tambaya ta nuna Sanders ya ci 'yan Latino da maki takwas, alhali unguwannin Las Vegas da suka fi yawan 'yan Latino Clinton suka zaɓa. Karanta taswira ma yana da nasa tarkon, domin gunduma mai yawan talakawa ta zaɓi mutum ba ya nufin talakawan cikinta ne suka fito suka zaɓe shi.

Na uku, ɗaukar fidda gwani a matsayin hasashen Nuwamba. Obama ya faɗi a Ohio da Pennsylvania a hannun Clinton a 2008, ya ci su duka a babban zaɓe. Clinton ta ci Ohio da Pennsylvania da Florida a fidda gwanin 2016, Trump ya ƙwace su duka a Nuwamba. Mutanen da ke fitowa a Maris wasu ne, na Nuwamba wasu ne.

Tun da kowa ya gane cewa jerin jihohi yana fifita wasu mutane a kan wasu, jadawalin kansa ya zama abin faɗa. Jihohin farko ba su da daliget masu yawa, amma su ke nuna wanda masu ba da kuɗi za su ci gaba da tallafa wa, kuma rabin 'yan takara kan janye kafin manyan jihohi su yi magana. Domin zaɓen 2024, bisa buƙatar Biden, Dimokurat suka sauke Iowa suka sa Carolina ta Kudu a gaba, suka matso da Michigan kusa. New Hampshire ta ƙi, don tana da dokar jiha da ta ce sai ta riga kowa, ta yi nata ranar 23 ga Janairu ba tare da sunan Biden a takarda ba, magoya bayansa suka rubuta sunan da hannu ya ci.

Matso da Michigan gaba ya ba wani ƙaramin rukuni murya da ba a shirya ba. Larabawa da Musulmin Amurka ba su da yawa a ƙasa baki ɗaya, amma sun taru a Dearborn da Hamtramck kusa da Detroit. Saboda fushin yaƙin Gaza suka yi kamfe a dangwala wa gurbin da ke cewa ba a zaɓi kowa ba. Ranar 27 ga Fabrairun 2024 gurbin ya samu ƙuri'a sama da 100,000, kimanin kashi 13. Bai kai kashi 15 a jiha ba, amma ya haura a mazaɓu biyu, ta Dearborn da ta garin jami'a na Ann Arbor, ya samu daliget biyu. Bayan mako guda a Minnesota, inda 'yan asalin Somaliya ke da yawa a Minneapolis, ya kai kusan kashi 19 da daliget 11. A garin Dearborn kansa gurbin ya fi Biden ƙuri'a, kuma a watan Nuwamba garin da ya saba zaɓar Dimokurat ya ba Trump rinjaye a kan Kamala Harris, yayin da Jill Stein ta jam'iyyar Green ta ɗauki kusan kashi 18.